Ninki Ukun da Vuai Yake Bari

Kwana arba'in da rasuwar Vuai mai hoto, 'yarsa Zuhura ta ɗauki mukullin shagonsa bayan la'asar, ta ce yanzu za ta dawo. Damina ta kankama a tsibirin Unguja. Kwana tara ba a ga rana ba, duk abin da aka yi da fata a garin ya yi gashin fumfuna. Zuhura gyaran jaka da takalmi take yi a kasuwar Darajani, ta san halin fumfuna sarai: in ta kama fata aka yi sakaci, sai dai a jefar. Abin da ya tsaya mata a rai tsohuwar kyamarar ubanta ce, irin mai ƙafa uku da zugazugin fata mai ninki-ninki a tsakiya, wadda ya gada wurin maigidansa, wani baƙo ɗan yankin Goa, can ƙetaren teku.

Gwaggonta Mtumwa, yayar marigayin, ta biyo ta har ƙofa, ta ce ta jira rana ta fito. Zuhura ta ce kafin nan fatar ta ruɓe. Sai tsohuwar ta rage murya.

"To ki yi yadda yake yi. Ki yi sallama kafin ki sa hannu ciki. Ninki ukun ƙarshe, na wajen gilashi, ki ƙyale su."

"Gwaggo, fumfuna ce fa. In na bar uku, jibi sun zama talatin."

"Shi ma ya san da haka."

Zuhura ta ja mayafinta ta fita tana murmushi. Tun tana ƙarama take jin uban yana yi wa kyamara sallama, ta ɗauka don yara su yi dariya a hoto ne. Duk Alhamis kuma sai ya zauna gogar fatar nan, shekara da shekaru, aikin bai taɓa ƙarewa ba. Tana ƙaunarsa, amma a ranta ta daɗe da yanke cewa bai iya gama aiki ba. Ita kuwa ba a dawo mata da gyara, kuma ba ta gajiya da faɗin haka.

A bakin lungun shagon, dattijo Mzee Pandu mai gahawa yana raɓe a dakali da butarsa. Ya tambaye ta ko gaisuwa ta kawo wa mai shagon. Ta ce mai shagon ai yana makwancinsa, Allah ya ji ƙansa. Pandu ya ce amin, ya bi ta da kallo.

Ƙofar ta sha ruwa ta kumbura, sai da ta sa kafaɗa. Da feshin ruwan sama ya fara bin ta ciki, ta mayar da ita da ƙarfi har ta ji katako ya ciji katako. Babu wuta. Shagon ba shi da taga, haka masu hoto suke so. Warin laima ya cika shi, da tsohon warin maganin wanke hoto.

Ta kunna tocila, ta yaye baƙin ƙyallen da ke lulluɓe da kyamarar. Fatar ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gari.

Ta ja zugazugin a hankali har ya miƙe. Ta bi shi da buroshi mai laushi, sannan ta jiƙa auduga da ruwan khal mai tsami da ta sirka, ta matse, ta shiga bin ninki ɗaya bayan ɗaya tana tsanewa da busasshen tsumma. Baƙin fatar ya dawo. Ta ji daɗi har tana 'yar waƙa. Ta cire murfin baya ta haska ciki, don ta san daga ciki cutar take fitowa. Can ƙarshe, wajen gilashi, ninki uku sun yi kauri da toka-toka kamar bayan kyanwa.

Ta yi tsaki. Ga inda tsohon yake barin iri.

Ta naɗe hannun rigarta, ta tura hannu har kafaɗa. Sallama ko tuna ta ba ta yi ba. Wurin da ɗumi, abin da bai kamata ba. Ta goge na farko. Ta goge na biyu. Tana gama na uku aka fara kiran magariba.

Zugazugin ya saki numfashi.

Ta ji shi a kumatunta, mai ɗumi, mai warin rijiyar da aka daɗe da rufewa. Ta ja hannu. Ninkin farko ya tsuke mata damtse. Na biyu ya bi. Ta ji suna rufewa ɗaya bayan ɗaya har wuyan hannu, kowanne da 'yar ƙarar fata.

Ta fizga. Kyamarar da take iya ɗauka da hannu ɗaya ko gezau ba ta yi ba.

Tocilar ta faɗi, ta gangara, ta tsaya tana haska bango. Ƙofa taku uku ce kawai. Ta miƙa ƙafa, ba ta kai ba. Ta ƙwala wa Pandu kira, ruwan da ke dukan kwano ya shanye muryar.

Sai wasu yatsu suka riƙe nata, can ciki. Masu laushi. Masu gashi.

"Wa ya shigo ba sallama?"

Raɗa ce, daga cikin fatar take fitowa, dab da kunnenta. Zuhura ta yi sallama.

"Kin makara. Vuai yakan bar mini uku."

Ta ce ba ta sani ba. Ƙarya take yi, an gaya mata. Ta ce za ta jiƙa fatar, za ta rufe, mako guda komai zai dawo.

"Kin ƙona wurin. Ina zan zauna?"

Zugazugin ya ja. Kafaɗarta ta shige, kumatunta ya manne da katako. Hannun ya fara mutuwa. Ta karanto abin da ta iya, ayoyin suna tsinke mata a tsakiya.

"Ina zan zauna?"

An tayar da salla a masallacin lungu. Tana jin su, bango ɗaya ne tsakani. Ba mai jin ta.

Ya sake ja. Gefen katakon ya danne mata maƙogwaro. Tocilar ta yi ja, ta mutu.

"Ina zan zauna?"

"Duk inda ka ga dama," in ji Zuhura, da ɗan numfashin da ya rage mata. "Ka sake ni kawai."

Jan ya tsaya.

Yatsun suka hau wuyan hannunta, suka shafa sau uku, a hankali, kamar mai duba ɗakin haya. Fatar ta saki. Ta faɗi da baya.

Ta rarrafa ta ja ƙofa, ƙofa ta ƙi. Ta yi ta duka da hannun da ke motsi har Pandu, da ya fito daga masallaci ya ga ba ta fito ba, ya haɗu da maza biyu suka ɓalle ta. Ya ɗaga fitila ya dubi kyamarar, ya dubi hannunta. Ya ce su kai ta gida.

Da safe ta ga layi uku masu toka-toka sun zagaye mata wuyan hannu. Ta goge da ruwan khal, suka fita. Kafin magariba sun dawo. Asibiti sun ba ta man shafawa, malamai sun ba ta rubutu, layukan suna nan. In ta goge duka, ranar hannun ba ya riƙe allura. Gwaggo Mtumwa ba ta ce mata "na gaya miki" ba, kuka kawai ta yi, wanda ya fi yi wa Zuhura ciwo.

Yanzu doguwar riga take sawa ko ana zafi. Duk Alhamis takan zauna da auduga ta goge abin da ya yaɗu zuwa gwiwar hannu, ta yi sallama kafin ta fara, ta bar uku.

Kyamarar kuwa, Zuhura ta yi mata duk abin da take hana masu kawo mata gyara, ko mai muryar nan zai koma wurinsa. Ta jiƙa fatar, ta rufe ta tana jiƙe, ta ajiye ta ƙarƙashin yoyon rufi, har takalmi mai fumfuna ta cusa ciki. Damina huɗu ke nan. Komai na shagon ya ruɓe, har labulen da ake tsayawa gabansa. Masu wucewa da suka san kaya sukan leƙa ta ƙofa, su tambayi ko wa ya yi gyaran nan, don ba su taɓa ganin tsohon zugazugi mai tsabta haka a Unguja ba. Ko ɗigon fumfuna bai sake kama shi ba.