Tasa a Kan Teburin Muttaƙa

Da hantsi ne, ruwan farko na bana ya ɗauke ke nan, garin Bande sai ƙamshin ƙasa, Muttaƙa ya buɗe situdiyonsa ya tarar babu sampila.

Sampilar nan wata 'yar na'ura ce mai faɗin faifai, da maɓallan roba a jere. Muttaƙa kan ɗauki sauti, luguden mata ne ko ƙarar guga a bakin rijiya, ya yayyanka shi, ya zuba kowane yanki a maɓalli guda, ya riƙa bugawa da yatsu har kiɗa ya tashi. Sai kiɗan ya nuna yake juye shi a ordinata, wato kwamfuta, a ɗora murya. Na wannan karon bai kai ga juyewa ba. A ciki kuwa akwai sarewar Hamma, makiyayin da ya riga ya kora shanunsa arewa, ba a sa ran ganinsa sai kaka. Ga gasar rediyo a Magariya, ranar Juma'a za a rufe karɓar waƙa.

Illo mai sharjin waya, wanda rumfarsa ke jingine da bangon situdiyon, taubashin Muttaƙa ne. Batiri ɗaya suke sha, shi ya sa yake riƙe da makulli. Kowa a layin ya san Illo ba ya son a yabi Muttaƙa a gabansa. Tare suka fara kiɗan gwangwani suna yara. Yau ɗaya daga kan amalanke ake ɗaga masa hannu, ɗaya kuwa miƙo masa waya ake yi ba a ko dubi fuskarsa ba.

Muttaƙa ya tsaya a bakin rumfar. "Kwaɗo lafiyarsa ƙalau, da makulli aka buɗe. In azahar ta yi ban ga kayana ba, sunanka zan kai wa jandarma."

"Haba bawana, da ni ne ai da ordinatar zan haɗa, in huta da ganin kana kaɗa kai kamar ƙadangare."

"Yau babu taubasantaka, Illo."

Illo ya ga da gaske ne. Mutumin da ake bar wa wayoyin mutane, in aka kira shi ɓarawo sau ɗaya, rumfa ta mutu. Ya tashi ya shiga ɗakin a hankali, hannuwa a baya.

Wayoyin da aka zare daga sampila an naɗe su tsaf an rataye a ƙusa. Ordinata tana kan benci, an lulluɓe ta da buhu. A tsakiyar tebur kuma ga tasa, ruwa ya kusa cika ta, wani ɗigo na ƙarshe yana lilo a jikin kwanon rufi.

"Kai ka sa tasar nan?" ya tambayi Muttaƙa.

"Ta wanke kofin shayi ce. A ƙasa na bar ta."

"Ordinata fa?"

"A kan tebur, nan inda tasar take."

"Ban da ni da kai, wa ke iya buɗewa?"

"Akwai makullin da nake sawa a saman ƙofa. Mubaraka ta sani, Dalhatu mai yi mini waƙa ma ya sani."

Mubaraka sabuwar mawaƙiya ce, daga Guci ta zo zama wurin gwaggonta. Illo ya same ta a ƙofar gida tana ɗaure iri a zane, za su gona.

"Yaya Illo, ni zan sace waƙata? Muryata ce za ta hau kiɗan nan fa."

"Ban ce ba, ƙanwata. In ruwa ya zo, ta ina ɗakin ke yoyo?"

"Yoyo yake yi? Ni da bazara na fara zuwa, zufa kawai na san masa."

"Jiya wa kika bari a can?"

"Tare muka fito da Muttaƙa bayan la'asar. Dalhatu ne ya riga mu, fuska a murtuke." Ta rufe baki da gefen mayafi. "Dogon baiti ya rera, Muttaƙa ya yanke duka, ya bar 'ayye' guda a maɓalli. In ya danna, ayye. Ya sake dannawa, ayye. Ni dai dariya ta ƙwace mini."

Illo bai yi dariyar ba. Ya san wannan abin, ya san inda yake zama a ƙirji.

Ya sa Muttaƙa ya tada moto, babur ɗinsa, suka kama hanyar Waca. Gonaki sun cika da masu shuka. Dalhatu, abokin waƙar Muttaƙa tun kafin a san sampila a Bande, shi kaɗai yake a tasa gonar. Yana sara da sungumi, ƙwaryar iri na ajiye a bakin kunya.

"Sannu da aiki, ɗan'uwa," in ji Illo. "An ɗauke sampila."

"Allah ya tona asiri." Bai ɗago ba.

"Ka koma situdiyo jiya?"

"In yi me? Ai an samu mai waƙa."

"Rufin ma ya yi yoyo, daidai kan tebur."

"Na sha faɗa masa ya toshe ramin ƙusar nan. Ba ya jin magana."

Illo ya bari ya ƙara sara kaɗan, sannan ya ce, "Ba ka tambayi ordinata ba."

Sungumin ya tsaya.

"Ka san a kan teburin take kwana, duk waƙoƙinka na da suna ciki, amma ba ka tambaya ba, don ka san inda ka ajiye ta." Illo ya juya ga Muttaƙa. "Ɓarawon kasuwa da ordinata zai fara, kuma ba ya naɗe waya. Wanda ya shiga ya ga hadari ya haɗu, ya tuna da ramin, ya kau da ita ya sa tasa. Mubaraka ba ta taɓa ganin damina a ɗakin ba. Ni kuwa ka sani, iyakata batiri a bakin ƙofa. Ban taɓa iya zama ciki ina jin ana yabonka ba. Saura wa?"

Dalhatu ya dogara da sungumin, ya dubi Muttaƙa. "Tun kana buga bokiti nake maka waƙa. Jiya ka mai da ni maɓalli, yarinya tana dariya. Na so Juma'a ta wuce, kowa ya rasa."

"Ina take?" in ji Muttaƙa.

"Tana rumbunmu, cikin buhu. Ban kunna ba. Sarewar Hamma tana nan."

Muttaƙa ya hau moto, ya dubi Dalhatu. "Ayyen nan ita ke riƙe da kiɗan duka, da ka tsaya ka ji. Hau mu je."

Ko a yanzu, Illo ya ji wani abu ya soke shi. Ɓarawo ma an ce masa yana riƙe da kiɗa. Shi da aka ɗora wa sata da safe, ko kallonsa ba a yi ba. Moto ta tashi da su biyu, ta watsa masa taɓo a ƙafar wando.

Ya dubi layin ramukan da Dalhatu ya sara, a buɗe, rana ta fara shan danshinsu. Ya tuɓe takalmi, ya ɗauki ƙwaryar iri, ya bi su yana zubawa yana rufewa da diddige.