Matar Fasto da Addu'ar da Aka Ji ta Taga

Har yau, shekara uku bayan rasuwarta, idan aka ambaci matar Fasto a ikilisiyar nan sai ka ga ana share ido. Mai gadin majami'a yakan ce bai taɓa riga ta isowa ranar Lahadi ba. Mawaƙa sukan ce muryarta ba ta da daɗi ko kaɗan, amma ranar da ba ta zo ba waƙa ba ta tashi. Fasto kuwa, da ya tsufa ya ajiye aiki, magana ɗaya yake maimaitawa: "Ni na yi wa'azi, ita ta riƙe mutane." Kowa Mama yake ce mata. Sai dai an yi shekara tara ana juya mata baya a majami'ar da take sharewa da hannunta...

Mama ba ta iya addu'a a zuci ba. Da safe idan ta gama shara, sai ta durƙusa gefen gado ta riƙa kai wa Ubangiji damuwar mutane ɗaya bayan ɗaya, da murya, kamar mai hira da maƙwabciya. Fasto har tsokanarta yake yi: "Uwargida, Allah fa ba kurma ba ne." Sai ta ce, "Na sani, ni ce mai mantuwa in ban ji kaina ba."

Wata rana wata mai ɗinki, aminiyarta, ta zo mata da kuka. Ta gaya mata abin da ba wanda ya sani: 'yarta tilo ba ita ta haife ta ba, tun tana jaririya ta ɗauko ta daga gidan marayu, ga shi yarinya ta girma ta rasa yadda za ta faɗa mata. Washegari Mama ta durƙusa ta kai maganar gaban Allah dalla-dalla. Ba ta san yayar Fasto, wadda ta raine shi bayan mutuwar uwarsu kuma take zaune tare da su, tana bayan taga tana shanya wanki ba. Dama Yaya ta daɗe tana jin haushin yadda mata suke wuce ta su shiga ɗakin matar ƙanenta.

Kafin mako ya zagayo, yarinyar ta ji asalinta a bakin ƙawaye wurin koyon waƙa! Ta haɗa kayanta ta bar gari. Mai ɗinki ta tari Mama a ƙofar majami'a, ta ce: "Ke kaɗai na gaya wa! Ke kaɗai! Kin raba ni da 'yata, Allah ya isa!"

Dattawan ikilisiya suka zauna, suka tambaye ta ko maganar ta fita daga bakinta. Mama ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Ta fita... amma ga Ubangiji na faɗa." Wani dattijo ya yi tsaki, "To, Ubangijin ne ya kai wa mawaƙa?" Aka yi dariya, hawaye na zuba a fuskar Mama. Ta tuna ta ga kwandon wanki a ƙarƙashin taga, ta san ko wace ce, amma ta dubi mijinta da ba shi da uwa sai Yaya, ta haɗiye. Aka sauke ta daga shugabancin zumuntar mata. Bencin da take zama ya koma fili, in ta miƙa hannu a gaisa sai a gyara ɗankwali. Duk da haka ba ta fasa zuwa asibiti duba marasa lafiyarsu ba.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Yaya, baki ya karkace, magana ta ɗauke. 'Ya'yanta suka ce aiki ya yi musu yawa. Mama ce ta yi ta juya ta, tana wanke ta, tana ba ta abinci da cokali har shekara huɗu. Kullum Yaya na kallonta, hawaye na gangara cikin kunne, tana ƙoƙarin furta abin da harshe ya ƙi ɗauka.

Sai Mama ita ma ta kwanta rashin lafiya, likita ya ce babu sauran abin yi, a mayar da ita gida. Matan zumunta suka zo dubiya don kunyar Fasto, har da mai ɗinki da ta tsaya bakin ƙofa. Ba zato aka ji ƙarar keken guragu: Yaya ce ke tura kanta da hannu ɗaya, tana gumi.

"Ni... ce," ta ce, kalma na fita da ƙyar. "Taga... na ji tana addu'a. Ni na... kai waje."

Fasto ya dafa bango. Mai ɗinki ta kurma ihu ta zube gaban gado, ta rungume ƙafafun Mama: "Wayyo ni! Shekara tara, Mama! Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Mama ta shafa kanta, ta yi murmushi. "Tashi, ƙawata, za ki jiƙa mini zani. Ki je ki nemo mana 'yarmu, ina so in gan ta."

Yaya ta matso da kekenta har ya taɓa gadon. Ta kama hannun da ya yi shekara huɗu yana wanke ta, ta ɗora a goshinta, ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata.

"Ƙanwata... na zalunce ki. Don Allah... ki yafe mini."