Kofin Shayin Zeinabu

Malaminsu na jami'a ne ya haɗa su, ba su suka zaɓi juna ba. Ya ce aikin ƙarshen shekara da ƙuri'a za a raba shi, abokai ba za su zauna guruf ɗaya ba. Haka Zeinabu ta tsinci kanta da Hamisu da Abdu da Yelwa, aka ce su ƙera injin busar da zogale da hasken rana.

Zaman farko a fadar su Hamisu aka yi shi, can unguwar Boukoki, inda samari ke dafa shayi a bakin hanya. Hamisun nan kyakkyawa ne, amma wallahi bakinsa kamar rediyon mai kanti. Shi ne shef, wato shugaban guruf, shi ne mai tambaya, shi ne mai amsa. Zeinabu ta buɗe baki ya tare, Yelwa ya fara ya katse. Sati ya bi sati, ko ƙusa ɗaya ba su buga ba.

Ran nan ranta ya ɓaci. Ta ɗauki ɗan kofin shayi daga faranti ta ɗaga shi sama.

"Daga yau wanda ke riƙe da kofin nan shi ke magana. Saura su yi shiru. Har da kai, shef."

Hamisu ya buɗe baki, ta nuna masa kofin, ya rufe. To da bakin ya huta sai idanun suka samu aiki. Ranar ya fara ganin Zeinabu.

Kofi ya riƙa zagayawa. Ashe Yelwa mai kunya gwanin walda ne, Abdu kuma ya iya zane. Inji ya fara tashi, wani abu ma ya fara tashi tare da shi. Da magariba saƙo ya shigo wayarta:

"Injiniyata, ina da magana, amma kofin yana wurinki."

Ta yi murmushi ta rubuta: "To ka yi haƙuri, Rediyona. Shirun yana yi maka kyau."

Sai dai birnin Yamai ba ya ɓoye komai. Kada ku tambaye ni wa ya kai labari unguwar Wadata, ni dai na san ya isa shagon Baba Zakari tela, mahaifin Zeinabu, cewa 'yarsa tana zama fada tsakiyar maza.

"Ba za ki ƙara taka wurin ba," in ji shi.

"Baba, in na fita daga guruf, shekarata ta tafi."

"Ta tafi. Shekara tana dawowa."

Ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ta rubuta wa Hamisu, shiru. Abdu kuwa, wanda dama yake satar kallonta, ya kira ta da murya mai laushi: "Kin san Hamisu ai. Na ji yana neman wanda zai maye gurbinki. Ni dai ina nan."

Maganar ta soke ta. Ta ce a ranta, ashe wanda bai taɓa rasa magana ba yau ya rasa ta saboda ita.

Ranar Asabar da la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Ta leƙa. Ga kura cike da ƙarafa da faifan sola, ga Yelwa da butar shayi da gawayi, ga Abdu a baya yana kallon ƙasa. Hamisu ya durƙusa ya gaida Baba Zakari, ya dafa shayi, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, a gurufmu mai kofi shi ke magana. Ga shi, muna saurare."

Tsoho ya karɓa, ya fara faɗa. Ya yi maganar tarbiyya, ya yi ta samarin zamani, ya koma kan tsadar yadi, ya dawo kan tarbiyya. Shayi ya huce a hannunsa. Zeinabu daga bayan labule tana kallon Hamisu: leɓensa yana rawa, gumi yana zuba, amma ko tari bai yi ba. Nan ta san Abdu ƙarya ya yi.

Da Baba ya gaji, ya juya kofin a hannu. "Yanzu wa ake ba?"

"Wanda bai yi magana ba, Baba," in ji Yelwa.

Tsoho ya kira 'yarsa ya miƙa mata. Ta karɓa ta ce, "Baba, ina son in gama karatuna. In fada ce ba ka so, ga tsakar gidanka."

A tsakar gidan aka ƙarasa injin. Baba Zakari da kansa ya ɗinka masa rigar ƙura. Abdu ya nemi kofi wata rana ya roƙi gafara, aka yafe masa, don zanensa yana da kyau.

Ranar da suka ci jarrabawa, aka dafa shayi a gidan. Baba ya cika kofi ya miƙa wa Hamisu.

"Yaro, tun da kake shigowa gidan nan kake haɗiye wata magana. Fito da ita kafin ta shaƙe ka."

Rediyo guda, sai ga shi yana in'ina! "Baba... Zeinabu... in an ba ni izini, iyayena su zo."

Baba ya karɓi kofin ya miƙa wa 'yarsa. Ta karɓa. Ta rufe fuska da mayafi, ta shanye shayin duka.

Bayan salla aka ɗaura aure. Boukoki da Wadata suka cika maƙil, aka ci dambun zogalen da injinsu ya busar. Yanzu kofin yana ɗakin amarya, sama da duk kwanonin da aka jera mata. Maƙwabta sun ce yawanci a hannunta yake, angon kuma ba ya kuka da haka.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, masu jiran kofi kafin su buɗe baki.