Mai Tallabe da Azara

Da la'asar sakaliya abin ya fara, ranar da hadari ya haɗu a gabas ya ƙi zuba. Rekiya, amaryar Mas'ud, tana bakin gado tana tsintar shinkafa, sai tsakuwa ta faɗo cikin faifan. Ta ɗaga kai. Azarar soron na nan jere, ta yi baƙi don tsufa. Tsakuwa ta biyu ta faɗo, sannan shiru.

Soron na kakan Mas'ud ne, ginin ƙasa mai kauri a Tamawa, ko a bazara sanyinsa kamar cikin randa. Da can akwai ginshiƙi a tsakiyarsa. Ranar jere dangin Rekiya suka iso daga Dutsin-Ma da gado da sif da kujeru, aka juya, aka juya, kaya suka ƙi zama. Sai Mas'ud ya sa aka rushe ginshiƙin, don kada a ce ɗakin ƙauye ya kasa ɗaukar kayan birni.

Tun daga ranar tsakuwar, da rana ta yi ja sai jifa. Wani sa'in a ji nishi daga sama, irin na wanda kaya suka yi wa nauyi. Inna Azumi, uwar Mas'ud, ta daina cin girkin amarya. Maƙwabta suka ce ai gidan lafiya lau yake kafin a kawo ta. Har Mas'ud ya tambaye ta, yana kallon ƙasa, ko akwai mai iska a danginsu. Ta ce babu, ta kuma ga bai yarda ba. Ta bayan zana ta ji Inna na cewa in aka kai Juma'a a haka, a mai da yarinya gidansu.

Abu guda Rekiya ta lura da shi, kunya ta hana ta faɗa: duk tsakuwar daga saitin gurbin ginshiƙin take faɗowa, kuma ba ta taɓa samun kowa ba.

Ran Laraba da magariba Zaituna, ƙanwar Mas'ud, ta shigo soron karɓar ashana. Tana kaiwa tsakar ɗaki ta tsaya cak, ta ɗaga hannuwa sama, tafuka a shimfiɗe, wuya ya sage. Maza biyu suka kasa sauke mata su. Aka ɗauko Malam Rabo daga Kurfi a kan babur.

Malam ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa yarinyar sharkaf. Can sai muryar tsoho ta fito daga bakinta, a gajiye. Malam ya gane aljani ne, ya tambaye shi ko amarya ya biyo.

"Mi ya haɗa ni da amarya? A ginshiƙin nan nike tun ran da aka ɗora azara. Sun rushe mini mazauni, sun bar rufi ba mai riƙo. Tun ranar jere ni ke tallabe da shi."

Malam ya ce irinsu ƙarya ba ta yi musu wuya. Aljanin ya nemi a yanka masa baƙin bunsuru, Malam ya ce ba a zubar da jini don kowa sai Allah. Muryar ta yi dogon nishi.

"To a mai da ginshiƙi in tafi. Na gaji. Jifan nan, cewa nike ku fita."

Ba wanda ya motsa, kowa na kallon kowa. Sai Rekiya, wadda ba ta taɓa magana a gaban surukarta ba, ta haska fitila sama.

"Allah gafarta Malam, a duba nan."

Azarar tsakiya ta lanƙwasa kamar baka, ƙasar bisanta ta dare.

Nan take aka fitar da sif tsakar gida don a sami wuri, aka jawo gungumen giginya daga bayan rumbu. Malam ya sa aljanin ya rantse ba zai dawo ba. Ana gama kafa gungumen, hannuwan Zaituna suka faɗi, ta sulale ƙasa. Rufin ya yi ƙara guda mai tsawo, ya sauko ya zauna a kan itacen. Ƙura ta zubo musu a ka.



Da safe Rekiya na dama kunu a gindin murhu, Inna Azumi ta zo ta tsaya a kanta. Ta dubi sif ɗin da ya kwana a waje, ta dubi soron, sannan ta miƙo kwanonta.

"Zuba mini, 'yar nan."