Cibiyar Da Aka Binne A Kwatano

"Kai ka sace min jika, Jamaluddeen! Kai ɗin nan da ka durƙusa min kamar mutumin kirki!"

Goggo Yelwa ce tsaye a tsakar gidanta na Gagarawa, tana huci, ɗankwali ya zame har kafaɗa. Mijin jikarta ya ƙara sunkuyar da kai.

"A yi haƙuri, Goggo..."

"Haƙuri? A kasuwar Maigatari ake sayar da shi, ka auno min?"

Ita ta raini jikar tata, Rumaisa, tun ranar da uwarta ta rasu wajen haihuwarta. Da cikin fari ya shiga wata na bakwai, ta share ɗaki, ta tara itacen wanka, ta tanadi gero da kanwa, tana jiran a kawo mata yarinya goyon ciki. Sai labari ta ji: wai mijin ya ɗauke ta sun tafi Kwatano, inda yake ɗauko motoci. Can naƙuda ta kama ta, ta haifi bakwaini. Yau suka dawo.

"Wai kallon fure! Fure tuwo ne? Mai tsohon ciki za ka jijjiga a mota har bakin teku?"

Labule ya motsa. Rumaisa ta fito tana dafa bango, jariri naɗe a ƙirjinta.

"Goggo, ni na roƙe shi."

"Rufe min baki, ke!"

"Wallahi ni ce. Ya ƙi, ya ƙi, har na daina cin abinci... Kullum yana ba ni labarin bazarar can. Mu nan zafi har kaji na buɗe baki, su kuwa ruwan farko ya sauka, bishiyoyi sun yi ja wur, furanni na zuba a titi, iskar teku na kwasa. Na gan su, Goggo. Har a gashina suka sauka."

"To sai me?"

"Tsoro nake ji! Na ce idan hanyar Inna zan bi, bari idona ya ga abu mai kyau tukuna."

Ashe tsoron da yake hana Goggo barci, shi ne yake cin yarinyar nan, ba wadda ta gaya wa 'yar'uwarta.

Goggo ta juya kan Jamaluddeen, don shi ne mai sauƙin kallo.

"Ina mabiyiyar yaron?"

"Na binne ta, Goggo. Gindin wata bishiya mai jan fure, bayan asibitin. Da hannuna na wanke, na haƙa, na yi addu'a."

"Innalillahi! Namiji da binne mabiyiya? A ƙasar da ba mu da ko kare?" Ta nuna bayan ɗakinta. "Ta uwar matarka tana can. Tata tana can. Inda aka binne cibiyar mutum, can zuciyarsa take ja. Ka sa min yaro zai tashi yana kallon hanya!"

"Babu kowa kusa da mu, Goggo. Ni kaɗai ne." Hawaye ya zubo masa. "Ki yi min duk hukuncin da kika ga dama, amma kada ki raba ni da ita. Rumaisa ce rayuwata."

"Yaya Jamal..." Rumaisa ta fashe da kuka.

"Ji marasa kunya, a gabana!"

Goggo ta fisge zaninta ta ɗaure, ta miƙa hannu ta karɓi jaririn. Ba nauyi, kamar ɗan tsako. Ya damƙe mata yatsa. Ta kau da kai da sauri kada su ga idonta.

"Ke, wuce ɗaki, ruwa na kan wuta. Kai kuma tashi min daga nan. Ba na ce na raba ku ba, ba kuma na ce na bar maka ita ba. Ko ta yi arba'in, ƙafarta ba za ta taka gidanka na Gumel ba sai Kawu Mati ya zo. Shi ya karɓar maka aure, shi ya ce min amana ce. Ya zo nan, ya zauna a kan tabarmar nan, ya kalli tsabar idona ya faɗa min: da gawa ka dawo min da ita, wa zan kama?"