Baƙin Mai a Kan Kwali

Tun safe Insfekta bai zauna ba. An kwashe wayoyi a shagon mai gyara, kuma kurata sun riga sun damƙo saurayin da ke kwana a bakin ƙofar, wanda ake kira Kwali saboda shimfiɗarsa.

Sai ga Lauya ta faɗo ofis tana haki. Ƙungiyarsu ce ke tsaya wa matasa marasa matsuguni.

"Ranka ya daɗe, wanda ba shi da adireshi wa zai yi belinsa? In ka kai shi kotu yau, ruɓewa zai yi a gidan yari."

Insfekta ya juya ga Kwali. "Ina ka kwana jiya?"

"Inda na saba."

Ƙarya ce tsagwaronta, ko ido ya kasa ɗagowa.

Insfekta ya garzaya shagon. Kwaɗo lafiya lau, ba a fasa ba. Kwalin kwanciyar kuwa ya jiƙe sharkaf da baƙin mai. Wa zai kwanta a kan wannan ƙazanta?

Ya dawo, Lauya ta lallaɓa saurayin. "Ɗana, faɗi gaskiya, ina tare da kai."

"Na tarar an ɓata mini wuri, Anti. Maigadin makaranta ya bar ni na kwana a ɗakinsa. In aka ji, korarsa za a yi."

Insfekta ya sa aka kira mai shago da ƙanensa, wanda ke rufe shagon kullum. Ya dubi ƙanen.

"Ka ce ka gan shi jiya?"

"Ƙwarai, yallaɓai. Yana kwance a kan kwalinsa, ya tare ƙofa kamar kullum."

"Ya tare ƙofa. Ashe mai son shiga sai ya fara kawar da shi, ko da zuba mai a kwalinsa ne. Ɗaga ƙafar wandonka."

Ga baƙin mai nan, ɗigo-ɗigo har idon sawu. Gumi ya karyo masa.

"Yaya, ka yafe mini. Na ɗauka ba mai bin kadin Kwali."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi, yayansa na salati.

Insfekta ya sauke ajiyar zuciya, ya dubi Kwali. "Kai kuma, tafi gida."

Bai rufe baki ba kunya ta kama shi. Kwali ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Yallaɓai, in an gama da kwalina, a ba ni. Ɗaya gefen bai jiƙe ba."