Mun Ba Ki Ita Kyauta

Ku matso nan. Bushira, kashe fitilar wayar nan, kina haske min ido. Kai kuma Mudassir, in dariya ce ta kawo ka, ga ƙofa can, koma wajen maza. Wannan ba tatsuniya ba ce. A kaina abin ya faru, ni Safara'u, yayarku.

Ke kika jawo zancen, Nusaiba. Ɗazu da Gwaggo ta ce ɗan wa ke kuka, kika sunkuyar da kai kika ce ba ki sani ba. Ɗanki ne fa. Kowa ya yi dariya, ni kuwa ban yi ba.

Shekara goma sha biyu ke nan. Dangin maigidana suka shirya taron zumunci na kwana uku, suka kama wani gidan gona irin wannan da muke ciki, sai dai ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Can bayan Rano yake. Sai ka bar kwalta ka yi rabin awa kana gwabza hanyar burji. Ɗaki goma sha huɗu, falo biyu, ga wata doguwar baranda, bayansa kuma lambun mangwaro ne har iya ganinka. Damina ce, ƙasa duk a jiƙe. Mun haura mutum sittin. 'Yan Zariya, 'yan Jos, har da waɗanda suka zo daga Maraɗi, waɗanda ban taɓa gani ba.

Ni ce ƙaramar suruka a cikinsu, da goyon fari wata tara. Kuma sunan uwar mijina aka sa wa yarinyar. Kun ga abu biyu sun haɗu: 'yar fari, ga sunan suruka. Tun ranar suna bakina bai taɓa furta shi ba. Kowa Ummi yake ce mata, ni ko Ummin ba na faɗa a gaban mutane. Sai dai "yarinyar nan". Kafin mu tafi ma sai da Innata ta ja min kunne.

"Kar ki je ki ba ni kunya. Kar a ga kina rawar kai a kan 'ya."

To. Muna isa aka karɓe ta daga bayana. Daga wannan hannu sai wancan. Ni dai sai in ta nemi nono ake miƙo min ita.

Ranar farko da la'asar na ga tsohuwar.

Tana zaune can ƙarshen baranda, ita kaɗai. 'Yar ƙarama, da baƙin zane na saƙi, dogo, ya rufe ƙafafunta ruf. Na je na durƙusa da yarinyar a hannuna, na yi sallama. Ba ta amsa sallamar ba.

"Yauwa," kawai ta ce.

Muryar ce ta fara damuna. Kamar mai magana a cikin randa. Ga wani ƙamshin toka da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana tashi daga jikinta. Ta ƙura wa yarinyar ido.

"'Yar wa ce wannan?"

Na sunkuyar da kai. "Tasu ce."

"Su wa?"

Na yi murmushi na tashi. A raina na ce cikin 'yan Maraɗi take. Wa zai tsaya a taron dangi ya tambayi tsohuwa wace ce ke? Ai abin kunya ne.

Da asuba na buɗe ƙofar ɗakinmu. Ga sawun akuya a bakin ƙofa, da laka, ɗanye shar. Ya zo daga baranda ya tsaya daidai ƙofarmu. Bai wuce ba. Na share, na je wajen mai gadin gidan, wani dattijo Baba Ɗanladi, na ce ya taimaka ya ɗaure awakinsa.

Ya girgiza kai.

"Ba a kiwo a gidan nan, 'yata. Ko kaza ba ta kwana."

"To sawun fa?"

Ya kau da kai. "In magariba ta yi, kowa ya riƙe nasa."

Ni sakarya, na ɗauka takalma yake nufi da wayoyi.

Rana ta biyu aka yi shinkafa tukunya uku. Na sa aka kai wa tsohuwar kwanonta. Ya dawo a rufe, yadda aka kai shi. Da yamma ina wanki a bakin famfo, yayyen maigidana mata biyu suna kusa, ɗaya na riƙe da yarinyar. Ban ji tafiyar kowa ba. Sai ƙamshin tokar nan kawai na ji a bayana.

"Har yanzu ba a samu uwarta ba?"

Na ce, "Ni ma riƙo aka ba ni, Inna."

Yayyen nan suka fashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Kai, Safara'u akwai kunya! Irin matan da ba a samu yanzu." Wallahi daɗi na ji. Har kaina ya yi girma. Duk lokacin da na tuna daɗin nan da na ji, sai in ji kamar in mari kaina.

Mudassir, ka daina motsi. Yanzu ne za ka ji.

Rana ta uku, ranar ƙarshe. Rana ta yi ja, magariba ta kawo kai. Hajiya, uwar mijina, tana zaune a baranda da yarinyar a cinyarta, mata sun kewaye ta. Ni ina durƙushe ina dama mata fura. Sai ga tsohuwar nan tsaye a kanmu. Ta miƙo hannu biyu.

"Taki ce?" ta tambayi Hajiya.

Kun san wasan kaka da jika. Hajiya ta taɓe baki.

"Wannan mummunar da ta sace min suna? Allah ya sawwaƙe! Ɗauke ta, mun ba ki ita kyauta."

Aka yi shewa. Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta juyo gare ni.

"Ke ma kin ba ni?"

Ido ya yi min caa. Surukata na nan, yayyen miji na nan, kowa na jiran ya ji abin da zan ce. Na sunkuyar da kai.

"Na ba ki."

"Na karɓa," in ji ta.

Ta saɓa yarinyar a baya, ta ɗaure. Yarinyar da ko baƙon hula ta gani sai ta tsala ihu, ranar ko uffan ba ta ce ba.

Sai aka kira salla. Mata suka watse neman buta. Ina tsugune zan fara alwala, sai na ji nono ya zubo min, har ya jiƙa rigata. Na ɗaga kai na duba ƙarshen baranda. Ba kowa. Ko tabarma babu.

Na tari wata Anti daga cikin 'yan Maraɗi.

"Anti, ina tsohuwarku ta shiga?"

"Wace tsohuwarmu?"

"Mai baƙin zanen nan."

Ta ware ido. "Ba kakarki ba ce? Mu mun ɗauka tare kuka zo. Kullum a ƙofar ɗakinku muke ganinta."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Buta ta suɓuce daga hannuna.

Ban san lokacin da na zunduma a guje ba. Ba takalmi, ɗankwali ya faɗi, ban waiwaya ba. A ƙofar baya na iske Baba Ɗanladi tsaye, da carbi a hannunsa. Ya nuna lambu.

"Can ta bi. Kar ki taɓa ta. Kar ki nemi ganin fuskarta. Abin da ba shi da mai shi take ɗauka."

Na faɗa cikin lambun. Duhu ya riga ya shiga ƙarƙashin itatuwan. Ga sawun nan a laka, tiryan-tiryan. Sawun akuya ne. Amma ƙafa biyu.

Na hango ta. A hankali take tafiya, irin tafiyar tsofaffi. Ni kuwa gudu nake iya ƙarfina, amma tazarar da ke tsakaninmu ba ta raguwa. Iska ta ɗan ɗaga gefen zanen. Na gani da idona. Kofato ne.

A ƙarshen lambun akwai wata tsohuwar rijiya da ciyawa ta rufe bakinta. Nan ta tsaya, ta ba ni baya. Kan yarinyar ya langaɓe gefe. Idonta a buɗe, ba ta ƙiftawa. Tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba.

Na zube a laka.

"Inna, don Allah ki ba ni yarinyar nan."

"Wace yarinya?"

"Wadda ke bayanki."

"Sau uku na tambaya," in ji muryar nan ta cikin randa. "An ba ni ita. Gaban shaidu."

"Wasa ne! Wallahi al'ada ce kawai!"

"Mu ba mu san wasa ba."

Sai na ji tafiyar mutane a bayana. Dangi ne kaf, maza da mata, da fitilu. Maigidana, Alhaji mahaifinsa, Hajiya tana haki ana riƙe da ita. Suna ta karanta Ayatul Kursiyyu. Amma daga bishiyar ƙarshe ba wanda ya iya ƙara taku ɗaya. Maigidana ya gaya min daga baya, ji ya yi kamar an kafe ƙafarsa da ƙusa.

Tsohuwar ta ce, "In taki ce, kira ta."

Na ce, "Ummi."

Tsohuwar ta gyara goyon.

"Ba shi aka raɗa mata a kunne ba."

Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ɗora a bakin rijiyar. Na ji ƙarar kofaton a kan dutse, ƙwas.

Yanzu ku ji abin da har gobe ban yafe wa kaina ba. 'Yata na bakin rijiya, surukaina na bayana, amma harshena ya yi nauyi. Sunan yana nan a maƙogwarona, ya ƙi fita. Wata tara ina danne shi, sai ya saba da dannuwa. Na buɗe baki, iska kawai ta fito.

Sai muryar Hajiya ta tsaga lambun. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

"Safara'u! Kira shi! Sunana ne, na yafe miki! Kira, don girman Allah!"

"Ramlatu!"

Ni kaina ban gane muryata ba.

"Ramlatu! 'Yata ce! Ni na haife ta, ni na sha wahalarta, ban ba kowa ba!"

Hajiya ta ɗora, tana kuka. "Ni ma na janye! Jikata ce, takwarata ce, ban bayar ba!"

Yarinyar ta ƙifta ido. Ta ja numfashi. Sai ta callara wani irin kuka, wallahi ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Ɗaurin goyon ya warware da kansa. Na ga ta sulalo. Na yi tsalle na tare ta, muka faɗi tare a cikin ciyawa, gwiwata ta daki dutse.

Da na ɗago kai, ba kowa a bakin rijiyar. Sai kukan kwaɗi, sai ƙamshin toka.

Gida mai ɗaki goma sha huɗu, amma ranar a falo ɗaya muka kwana, mu sittin da ɗoriya, manya a kan yara. Ba wanda ya runtsa. Hajiya ta zauna kusa da ni, ta riƙe hannuna, ba ta saki ba har aka yi sallar asuba. Gari na wayewa muka loda kaya. Tukunyar tuwo guda ma a kan murhu muka bar ta.

Da aka yi haske sosai a cikin mota ne na lura. Gashin gaban goshin yarinyar, daidai inda ya jingina da bayan tsohuwar, ya yi fari fat. Farin gashin nan na Ramlatu da kuke tsokanarta da shi, kuna ce mata tsohuwa? Ba gado ba ne. An aske shi ya fi sau goma, fari yake fitowa.

Shi ya sa kuke jina ina ƙwala mata kira tun daga soro. Na san abin da ake cewa, wai Safara'u ba ta da ta ido, tana kiran sunan 'yar fari gatsal, sunan suruka kuma. A ce. Hajiya da kanta, har ta koma ga Allah, in ta ji na ce "yarinyar nan" sai ta ce, "Wace yarinya? Ba ta da suna?"

Don haka ku ji da kyau. Babban gida irin wannan, da yake wata da watanni a rufe sai an zo taro, kar ku ɗauka ku kaɗai ne a cikinsa. Kar wanda ya bi bayan gida shi kaɗai da magariba. In kun ga fuskar da ba ku sani ba a cikin dangi, ku tambaya, gara a ce ba ku da kunya. Kuma abin da kake so, kar bakinka ya bayar da shi, ko da wasa.

Nusaiba. Ina ɗanki yake yanzu?

A'a, ban da "yana wajensu". Wajen wa? Ba ki sani ba? Tun yaushe rabonki da shi?

Tashi. Tsaya tukuna, ba "yaron nan" ba. Faɗi sunansa in ji.

Ban ji ba. Da ƙarfi.

Yauwa, Zubairu. Haka za ki yi ta kira har ki same shi. Mudassir, karɓi fitilar Bushira ka raka ta. Kar ku bi ta barandar baya.